Wa Ya Karantar Da Malaminka?



Na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan labari, domin akwai abin kunyata a ciki, akwai kuma na gidanmu. Dattijon da labarin ya shafa ya ba ni izini, bisa sharaɗin kada in kama sunansa. Saboda haka zan kira shi Baba, kamar yadda nake kiransa yanzu.

Ina da shekara 52 likita ya duba takardar gwajin jinina, ya ce sukari ya fara hawa, kuma zaman shago daga safe zuwa magariba ba zai bar ni lafiya ba. Sana'ata sayar da kayan gyaran mota a Suame Magazine. A lokacin, tafiyata mafi nisa ita ce daga mota zuwa kujera, daga kujera zuwa masallaci. Da na yi wa wani abokin cinikina, Batone, ƙorafin cewa ba zan iya zagaya titi da asuba kamar mai neman ɓataccen akuya ba, sai ya yi dariya ya ce in biyo shi filin golf ranar Asabar. Ya ce a can mutum yakan taka kilomita da yawa bai sani ba, don hankalinsa yana kan ƙwallo.

Duk wanda ya tashi a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango ya san da filin Royal Golf Club, can ɓangaren Ridge da Nhyiaeso inda Turawan mulki suka zauna. Mun san Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, wanda ya hau karaga a 1999, mai son wasan ne, kuma ana yin gasa da sunan sarautarsa a filin. Amma sanin da muka yi wa wurin na tagar mota ne. A Zango, ƙwallon lambu wasan Turawa ne da manyan ma'aikata. Namu shi ne ƙwallon ƙafa a fili mai jan ƙura, sai dara a gindin bishiya. Ranar da na saka jakar sandunan aro a bayan mota, sai da na jira layinmu ya yi shiru.

Wasan a baki ba shi da wuya. Ƙwallo ce ƙarama, nauyinta bai kai giram 46 ba, tana zaune wuri ɗaya, ba mai ƙwace maka ita. Aikinka ka kai ta cikin rami mai faɗin santimita 10.8 da mafi ƙarancin bugu, ka maimaita haka rami 18, da sanduna waɗanda doka ta ce kada su wuce 14. Na tsaya, na ɗaga sanda, na kawo duka da ƙarfin da nake kwance tsohon noti. Iska na daka. Na sake, na sake. A karo na huɗu na haƙo ciyawa da ƙasa kamar mai sassabe, ƙwallo ta gangara taku biyar ta tsaya. Yaron da ke ɗauke da jakata ya kau da kai yana kallon bishiya. Kau da kan nan ya fi dariya zafi, domin na gane kunyata yake ji mini.

Girman kai ya hana ni neman malami. Na ce a raina, mutumin da ke da yara goma a shago ba zai tsaya wani ya riƙe masa hannu a bainar jama'a ba. Sai na koma waya. A nan na gano cewa masu koyar da golf ma suna da martaba hawa-hawa. Mujallar Golf Digest ta Amurka takan fitar da jerin malaman da suka fi fice, kuma Butch Harmon ya shekara da shekaru a samansa. Shi ne kocin Tiger Woods lokacin da ya lashe gasar Masters a 1997 da ratar bugu 12, yana ɗan shekara 21. Akwai David Leadbetter, akwai Hank Haney, akwai wasu birjik a YouTube, kowa da tasa hanyar. Na ce to, tun da ga manyan malaman duniya a tafin hannuna kyauta, me zan yi da na Kumasi?

Wata huɗu ina kallo. Bayan sallar isha'i in fita tsakar gida da sanda ina lilo, har uwargida ta fara kwashe randuna da bokitai daga hanyata. Wannan malami ya ce juya ƙugu da wuri, wancan ya ce jinkirta shi. Wannan ya ce kafe kai, wancan ya ce bar shi ya motsa. Na haɗa duka na zuba a jiki ɗaya. Sakamakon shi ne duk ƙwallon da na samu na buga sai ta tashi kamar za ta miƙe, sannan ta karkata dama ta shige itatuwa. Ba laifin malaman ba ne. Suna magana da dubban mutane ne a lokaci guda, kuma ko ɗaya daga cikinsu bai taɓa ganin hannuna ba.

Da abin ya ishe ni, na sauke kai na tambayi abokina wa ya fi iya koyarwa. Ya haɗa ni da wani ƙwararre, Batone ne ɗan shekara arba'in da wani abu, wanda ya yi gasanni a Achimota da Tema da Obuasi har da ƙasashen maƙwabta, kuma masu wasa suna layi a kansa. Kuɗin darasinsa na sa'a ɗaya ya fi abin da nake biyan malamin allon 'ya'yana a wata. Wannan lissafi ya tsaya mini a wuya, har yanzu ma bai gama wucewa ba.

Na zo darasin farko da shirin a gyara mini juyin ƙugu. Ya ce in buga ƙwallo uku. Na buga, duka suka yi dama. Sai ya karɓe ƙwallayen ya zuba a aljihu, ya ce cikin Hausarsa mai gauraye da Tonanci: «Alhaji, yau ba ƙwallo. Yau hannu.»

Sa'a guda muka yi a kan riƙon sanda. Ya nuna mini cewa na dunƙule ta a tsakiyar tafi kamar guduma, alhali a gindin yatsun hannun hagu ya kamata ta kwanta, ta yadda in na duba ƙasa zan ga gaɓoɓi biyu na bayan hannun. Ya ce tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta fuskanci kafaɗar dama. Ya bayyana mini dalilin karkatar ƙwallona: fuskar sanda tana isa ga ƙwallo a buɗe, tana kallon dama fiye da hanyar da sandar ke bi, sai ta shafe ta a gicciye ta sa mata juyi, juyin kuma ya ja ta gefe. Duk juyin ƙugun da na yi wata huɗu ina fama da shi, maganin ciwon da ba ni da shi ne. Game da ƙarfin riƙo kuwa, ya ce in ɗauka ɗan tsako ne a hannuna: in na sake ya gudu, in na matse ya mutu.

Mako uku ya tsare ni a kan sanda ɗaya, mai lamba 7, da rabin lilo, daga ƙugu zuwa ƙugu. Ya hana ni taɓa babbar sandar nan mai ƙaton kai da kowa ke sha'awa. Ya koya mini abin da hankali ba ya karɓa da farko: in kana so ƙwallo ta tashi sama, ƙasa za ka buga. Karkatar fuskar sanda ce ke ɗaga ta. Kai dai ka sami ƙwallo tukuna, sannan ciyawar da ke gabanta. Duk wanda ya yi ƙoƙarin kwasar ta sama kamar da ludayi, ko ya haƙi ƙasa ko ya fasa mata kai. Yakan ɗauke ni da wayarsa ya nuna mini, in ga abin da na rantse ban yi ba ina yin sa ƙiri-ƙiri.

A mako na uku na fusata. Na ce kuɗi nake biya, ba zan ƙare a rabin lilo ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce Nick Faldo na Ingila yana cikin fitattun 'yan wasa ya miƙa kansa ga Leadbetter a tsakiyar shekarun 1980, aka rushe bugunsa aka sake gini, ya yi kusan shekara biyu ana ganin ya lalace, kafin ya ci babbar gasar Birtaniya a 1987. Ya ce: «Shi shekara biyu. Kai mako uku, Alhaji.»

A hanyar gida abin ya faɗo mini: ai na san wannan tarbiyya. Ita ce ta makarantar allo. Malam ba ya barin ka wanke allo sai ka riƙe abin da ke kai, ko da sa'anninka sun wuce ka da izu guda. Haka kuma a karatun zaure ba a tsallake Ahalari a faɗa Risala. Na yarda da wannan tsari a addini tun ina yaro, amma da na girma na yi kuɗi sai na ɗauka akwai ilmin da ake saye a dunƙule. Daga ranar na daina kiransa koci, na koma ce masa Malam. Ya yi ta dariya, amma ya amsa.

Mu a Zango, in an ce wane malami ne, tambayar farko ita ce: a wajen wa ya yi karatu? Da haka muke auna ilmi. Har yau akwai gidajen da ke ƙirga silsilarsu zuwa Alhaji Umaru na Karaki, wanda ya zauna Salaga ya rasu a 1934. Saboda haka wata ranar Asabar, bayan na buga ƙwallon farko da ta tashi ta miƙe ta sauka inda na nufa, muna zaune muna shan ruwa, na ce: «Malam, kai wa ya karantar da kai?»

Na zaci zai ambaci wani Bature ko wata makaranta a waje. Ya ce ya yi kwasa-kwasai, yana da takardu, amma wannan daga baya ne. Ya shigo filin ne yana yaro ɗan firamare, yana ɗaukar jaka don ya sami kuɗin makaranta. Wanda ya fara ɗora masa hannu a kan sanda wani dattijo ne cikin masu ɗaukar jaka, mutumin Zango. Shi ya lanƙwasa masa guntun rodi ya yi masa sanda, yana koya masa da yamma in masu wasa sun watse. Shi ya koya masa karanta kwanciyar ciyawa a bakin rami, da yadda ƙwallo ke gudu a busasshiyar ƙasar hunturu ta kuma cije a ta damina. «Maganar ɗan tsako ma tasa ce,» in ji shi. Sai ya faɗi sunan.

Ruwan da ke bakina ya ƙi wucewa. Na san mutumin. Duk wanda ke salla a masallacin layinmu ya san shi: tsoho siriri mai farar hula, idonsa ya yi rauni, yana zama a sahun baya kusa da ƙofa. Muna yara mukan bi shi da tsokana muna kiransa ɗan dakon Turawa. Akwai kuma abin da ya fi wannan. A shekarun 1970 ya nemi auren gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ma tana so. Kakanmu, wanda fataucin goro ya gada kaka da kakanni, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba shi da sana'a sai bin ƙwallon Nasara a cikin ciyawa ba. Aka mayar masa da goronsa. A gidanmu ana ba da labarin ne a matsayin abin dariya, ni ma na sha yin dariyar. Shekara da shekaru ina wuce shi a ƙofar masallaci da gaisuwar fatar baki, wani lokaci in saka masa 'yan sidi a hannu kamar mai bara, alhali bai taɓa roƙona ba.

Ga shi yau ina biyan kuɗi mai tsoka, ina kuma yi wa kaina kirarin na sami babban malami, don in sayi ilmin da asalinsa yake zaune a sahun bayan masallacinmu.

Wannan ba a Kumasi kaɗai ya faru ba. Tarihin golf cike yake da masu ɗaukar jaka waɗanda suka san wasan fiye da masu jakar. Francis Ouimet, wanda ya ci gasar US Open a 1913, da ɗaukar jaka ya fara. Charlie Sifford ma haka. Shi ne baƙar fata na farko da ya sami cikakken izinin shiga jerin gasannin ƙwararru na Amurka, a daidai lokacin da aka soke dokar farare zalla a 1961. A filin Augusta, inda ake gasar Masters, baƙaƙen fata ne ke ɗaukar jakar kowane ɗan wasa har zuwa 1982, su ke faɗa wa zakaru inda ƙwallo za ta karkata, amma sai a 1975 baƙar fata na farko, Lee Elder, ya buga gasar. Bambancin shi ne can wasu ne suka rufe musu ƙofa. Shi Baba, mu 'yan uwansa ne muka raina shi.

Sai da na yi mako biyu kafin na iya zuwa. Na sayi goro fari ƙwarya guda da turmin yadi, na je bayan la'asar. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya, da tabarma da buta da rediyo. A bayan ƙofa na hango tsohuwar sanda mai kan katako, irin wadda aka daina yi tuntuni.

Na durƙusa na ce: «Baba, barka da yamma. An wuni lafiya?»

Ya ce: «Lafiya lau. Muryar wa nake ji kamar jikan mai goro?»

Na ce ni ne. Na gaya masa wanda ya aiko ni. Fuskarsa ta washe, ya tambayi lafiyar yaron nasa, ya ce yakan zo masa da Salla duk da shi ba Musulmi ba ne. Sannan ya ce: «Miƙo hannunka, ɗana.» Na miƙa, ina zaton musafaha ce. Sai ya bi tafina da yatsunsa a hankali, hagu sannan dama. Ya tsaya a kan wani kanta da ke gindin manunin hannun dama, ya danna.

«Har yanzu kana shaƙe ta da dama,» in ji shi. «In ka ji tsoro sai ka matse. Ƙwallonka tana zuwa dama in akwai mutane suna kallo, ko ba haka ba?»

Haka ne. Abin da Malam ya gani da ido da na'urar ɗaukar hoto, Baba ya karanta shi da yatsa a cikin ɗaki mai duhu.

Na daɗe ina juya maganar da ta kawo ni. Daga ƙarshe na ce: «Baba, gidanmu sun yi maka ba daidai ba, ni ma na yi. Ka yafe mana.» Ya yi shiru har na ji motsin rediyon maƙwabta. Ya ce kakana mutumin kirki ne, abin da ya sani ya yi aiki da shi. A zamanin, wanda ba ya fatauci ko ɗinki ko fawa ko karatu ba a ƙirga shi cikin masu sana'a. Ya ce matar mutum kabarinsa, Allah bai rubuta ba. Ya tambaye ni ko gwaggo ta sami zuwa Makka kafin ta rasu. Na ce ta je. Ya ce alhamdu lillahi, ya yi mata addu'a. Bai ce komai a kan tsokanar yara ba, ni ma ban iya tayar da ita ba.

Na ce ina so in ɗauke shi a mota mu je filin, ya zauna a inuwa a matsayin baƙona. Ya ƙi. Ya ce ya taka wurin nan fiye da shekara arba'in, ya san kowane tudu da kwari da tafin ƙafarsa, ba ya bukatar a kai shi ya ji ana kwatanta masa. «In kana son yi mini wani abu,» in ji shi, «akwai jikata, 'yar shekara goma sha ɗaya. Takan ɗauki sandar can ta bugi ƙwallon lemo a tsakar gida. Ina jin ƙarar bugun daga nan. Hannunta mai kyau ne. Kai ta wajen yarona.»

Da yardar iyayenta, yanzu duk Asabar tare muke tafiya, da ita da ƙaramin ɗana. Tana zuwa da hijabinta da takalmin makaranta. Ranar farko Malam ya duba riƙonta, ya juyo ya dube ni, bai gyara komai ba. Wasu a unguwa sun yi magana, sun ce Alhaji ya rasa inda zai kai kuɗi sai wasan Nasara, har da 'ya mace. Ban yi musu da kowa ba, domin bakin da suke magana da shi nawa ne na jiya. Abin da na yi dai, na je na ninka abin da nake ba malamin allon yarana, don lissafin nan da ya tsaya mini a wuya gaskiya yake faɗa mini.

Ni kuwa har yau ban zama gwani ba. Ina gama rami 18 da bugu ɗari da 'yan kai, ranar da aka yi sa'a in sauko ƙasa da ɗari. Sukari ya sauka, likita ya yi murna. In mutane suna kallo, wani lokaci har yanzu nakan matse.

'Yan uwa, Zango ta iya riƙe silsilar malaman littafi, kuma wannan abin alfahari ne. Amma akwai tsofaffi a sahun bayan masallatanmu waɗanda suka koyar da makanikai da direbobi da teloli da 'yan dambe da 'yan ƙwallo, almajiransu sun yi suna a gari, su kuma ko a layinsu ba a san abin da suka iya ba. Wanda duk yake cin abinci da wata sana'a, ya tambayi malaminsa wa ya koya masa, ya bi sawun tun masu amsar suna raye. Ni na yi tambayar a makare, amma Allah ya sa na tarar da nawa.

Ranar Juma'ar da ta wuce na matsa sahun baya na zauna kusa da shi. Da aka sallame ya kama hannuna na dama, ya laluba wurin kantan, ya ce: «Ya fara laushi.»

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya saka wa malamanmu da alheri, waɗanda muka sani da waɗanda muka wuce ba mu sani ba.